*TSUKEWAR ƘOFAR ZUCIYA MAI MARFI UKU: CIWON DA KE SOMAWA DAGA MAƘOGWARO*



 Darasin yau a kan zuciya yake, kuma ya shafe mu sosai, musamman mutanenmu na Kura, Bunkure, Garun Malam, Kadawa da ƙauyukan da ke bakin kanal. Akwai wani ciwo da yake kama matashi ko matashiya, ƙafa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, ƙarfi ya ƙare, a yi ta maganin hanta, a yi na shawara, a yi na sammu, alhali matsalar tana cikin wata 'yar ƙofa a ɓangaren dama na zuciya. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, sau da yawa asalin abin ciwon maƙogwaro ne da aka raina tun mutum yana yaro. Ka daure ka karanta har ƙarshe, darasin yana da ɗan tsawo amma akwai amfani, in sha Allah.

*1. ZUCIYA DA ƘOFOFINTA*

Zuciyarka ba ta wuce girman dunƙulen hannunka ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti ko kana kwance. Ɗakuna huɗu gare ta: biyu a dama, biyu a hagu, kowane ɓangare da ɗakin sama da na ƙasa.

Ɓangaren dama shi ne yake karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya gaji, daga kai, daga hanta, daga hanji, daga ƙafafu. Ya karɓa ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu kuma ya karɓo shi daga huhu ya watsa wa jiki gaba ɗaya. Wannan hanya ta bi ta huhu, likitan nan Ibnun Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya bayyana ta tun kafin likitocin Turai su rubuta ta.

Don kada jini ya riƙa komawa baya, akwai ƙofofi huɗu a cikin zuciya. Aikinsu irin na bawul ɗin tayar keke ne: iska ta shiga, ba ta dawowa. Wadda muke magana a kanta yau ita ce wadda ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na dama. Marfinta uku ne, 'yan fatu masu laushi, shi ya sa likitoci ke ce mata tirikasfid, ma'ana mai marfi uku. A jikin babban mutum mai lafiya, idan ta buɗe, kan yatsu uku za su iya shiga cikinta. Takwararta ta hagu marfinta biyu, sunanta maitiral. Ka riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

*2. ME KE FARUWA IDAN TA TSUKE?*

Duk wanda ya taɓa noman rani a yankin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ruwa yana tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ya biyo babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har ya iso fangon shinkafarka. A kowace mararraba akwai get. To idan get ɗin ya yi tsatsa ya ƙi ɗagawa sosai, ko laka da kacalla suka toshe bakinsa, abu biyu ne ke faruwa lokaci guda: gonakin gaba su bushe, bayan get kuma ruwa ya taru ya yi ambaliya.

Haka abin yake a zuciya. Idan marafan nan uku suka yi kauri, suka manne da juna, ƙofar ta tsuke. Jinin da ke wucewa gaba ya ragu, sai mutum ya riƙa jin gajiya da kasala, hannu da ƙafa su yi sanyi. Jinin da ya kasa wucewa kuma ya taru a baya: jijiyoyin wuya su cika, hanta ta kumbura, ruwa ya tsattsafo cikin ciki da ƙafafu. Idan faɗin ƙofar ya ragu ya koma murabba'in santimita 1 ko ƙasa da haka, wato kan ɗan yatsa ɗaya ma da ƙyar, likitoci suna ɗaukar tsukewar a matsayin mai tsanani.

Sau da yawa ƙofar da ta tsuke ba ta rufuwa da kyau ma, sai ta haɗa biyu: ga tsukewa ga yoyo.

*3. DAGA INA CIWON KE FITOWA?*

Nan ne zuciyar darasin, don haka a nutsu.

Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan tsukewa, sanadinta zazzaɓin rumatik ne. Ga yadda abin ke tafiya daki-daki.

Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya kamu da ciwon maƙogwaro. Mafi yawan ciwon maƙogwaro na mura ne, yana wucewa da kansa. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitiref take kawowa. Shi wannan yakan zo da zazzaɓi farat ɗaya, haɗiya ta yi wuya, cikin maƙogwaro ya yi ja, wani lokaci har da farin ruwa kamar mugunya, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin haɓa mai zafi idan an taɓa. Galibi ba tari, ba majina. Bayan 'yan kwanaki shi ma ya lafa, ko an yi magani ko ba a yi ba. Iyaye su ce Alhamdulillahi ya warke.

To a jikin wasu yaran, ba duka ba, sojojin jiki da suka tashi yaƙar ƙwayar cutar sai su rikice. Saboda wani sashe na ƙwayar ya yi kama da naman jikin yaron, sai su juya kan gaɓoɓinsa da zuciyarsa. Bayan mako 2 zuwa 3 sai ka ga:

• Zazzaɓi ya dawo.
• Gwiwa ta kumbura tana zafi, gobe ta saki, idon sawu ya ɗauka, jibi gwiwar hannu. Ciwon yana yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Mu a nan sai mu ce sanyin ƙashi ne ko amosanin gaɓɓai.
• Wani yaron ya riƙa haki, ƙirji na ciwo, zuciya na bugawa da sauri.
• Wani kuma, musamman 'yan mata, bayan wata ɗaya ko watanni, hannu da fuska su riƙa fizga ba da sonta ba, ƙoƙo ya riƙa suɓucewa daga hannunta, rubutu ya lalace, ta riƙa kuka ba dalili. In ta yi barci abin ya tsaya. Wannan ne ake yawan cewa iska ce ta taɓa ta.

Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Ciwon gaɓoɓin yana warkewa sarai ba ya barin tabo. Zuciya ce ake bari da tabo. Kuma duk sanda zazzaɓin rumatik ya sake dawowa, tabon yana iya ƙaruwa, marafan su ƙara kauri, har bayan shekara 10 ko 20 ƙofa ta tsuke. Lokacin an manta da batun maƙogwaro, yarinyar ta yi aure, wataƙila tana ɗauke da cikin fari.

Ƙofar da wannan ciwo ya fi kamawa ita ce maitiral ta hagu. Tsukewar mai marfi uku ba ta cika yawa ba, kuma da wuya ka same ta ita kaɗai, kusan kullum tare take da ciwon maitiral. Ta fi yawa a mata. Sauran dalilan da ke kawo ta 'yan kaɗan ne: a haifi yaro da ita, ko ƙwayoyin cuta su shiga jini su yi sheƙa a kan ƙofar, ko wani ƙari da ke fitar da sinadarin da ke sandarar da marafan, ko wayar na'urar da ake sa wa masu raunin bugun zuciya.

Kada ka ɗauka ciwon nan na nesa ne. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da ciwon zuciya na rumatik a duniya a 2019, kuma yana kashe sama da 300,000 duk shekara, akasari a ƙasashe irin namu. A Ingila da Amurka ya kusa ɓacewa saboda an samu wadatar ɗakunan kwana da penisilin. Wani babban bincike da aka buga a 2015, wanda ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya samu cewa rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma biyu cikin uku mata ne. Ka ga kenan ciwon masu jini a jika ne, masu noma da masu haihuwa. Saboda haka ne taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a watan Mayun 2018.

Abin da ke yaɗa ƙwayar sitiref shi ne cunkoso: yara da yawa a ɗaki ɗaya, tari da atishawa a fuskar juna, musamman da hunturu lokacin da ake rufe ko'ina. A lura da ɗakunan kwanan almajirai da makarantun kwana. Ƙurajen fata masu ruwa da ke bin bayan ƙazuwa su ma irin wannan ƙwayar ce take shiga cikinsu, kada a raina su.

*4. ALAMOMIN TSUKEWAR ƘOFAR*

1. Gajiya da ba ta tafiya. Wanda da yake yini yana dashe, yanzu layi biyu sai ya zauna.
2. Kumburin ƙafafu duka biyu. Ka danna da babban yatsa a kan ƙashin ƙauri, ka ɗauke, ramin ya tsaya.
3. Ciki ya yi girma, zani ko wando ya matse, alhali wuya da damtse suna ramewa.
4. Nauyi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, inda hanta take. Mutum ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi.
5. Jijiyoyin wuya su fito ko mutum yana zaune, kana ganinsu suna motsi. Wasu har suna jin motsin.
6. Bugun zuciya ya rikice, ya riƙa tsalle.
7. Idan abin ya daɗe, ido ya ɗan yi rawaya, sai a ce shawara ce.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane. Mun saba ciwon zuciya shi ne haki da kasa kwanciya ba matashi uku. Mai tsukewar wannan ƙofa yana iya kwanciya rigingine lafiya ƙalau, domin ƙofar ta tare jinin bai isa huhu da yawa ba balle ya cika shi. Sai a ce ai ba zuciya ba ce tunda ba ya haki. Rashin haki ba ya wanke zuciya.

*5. BA KOWANE KUMBURI NE WANNAN BA*

A yankin noman rani akwai cututtuka da dama da ke zuwa da wannan kamanni, kuma maganin kowanne daban:

• *Tsargiya.* Duk wanda ke shiga ruwan kanal, ko noma ko wanka ko wanki, yana iya ɗaukarta daga 'yan dodon koɗin da ke cikin ruwan. Mun fi sanin mai sa fitsarin jini, amma akwai ta hanji, wadda ƙwanta ke taruwa a hanta har ta sandare, saifa ta girma, ciki ya cika da ruwa. Wani lokaci ƙwan ya kai jijiyoyin huhu ya wahalar da ɓangaren dama na zuciya. Maganinta ƙwayar firazikwantel, irin wadda ake raba wa yara a makarantu.
• *Ciwon hanta* mai lamba B ko C.
• *Ciwon koda,* wanda kumburinsa yakan fara daga fuska da safe.
• *Ciwon zuciya na bayan haihuwa,* wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma har yau ƙasar Hausa na cikin inda ya fi yawa a duniya.
• *Hawan jini* da aka daɗe ba a kula da shi ba, da *ƙarancin jini* mai tsanani.

Ido ba ya bambance waɗannan. Ba mai maganin da zai kalli ciki ya ce maka ga wanda ke ciki, ko na gargajiya ne ko mai kemis. Mutum ɗaya ma yana iya haɗa biyu. Sai gwaji.

*6. GWAJIN DA AKE YI*

Likita zai duba wuya, ya taɓa hanta, ya sa abin sauraro a ƙirji. Ƙofar da ta tsuke tana da wata ƙara da ke ƙaruwa idan mutum ya ja numfashi. Za a yi gwajin ECG, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada jini don ganin hanta da koda, a duba fitsari da bayan gida saboda tsargiya.

Amma alƙalin shi ne hoton zuciya da ake kira eko. Irin sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki ne, sai dai a ƙirji ake ɗora shi. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Shi zai nuna marafan, ya auna faɗin ƙofar, ya nuna ko sauran ƙofofin sun taɓu. Ka fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Kura, idan likita ya ga alama zai rubuta maka takardar zuwa wajen likitocin zuciya a Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala. In an ba ka takardar nan kada ka ajiye ta sai bayan girbi. Kuma ka roƙi a duba ƙofofin duka huɗu, domin ciwon maitiral yakan ɗauke hankali a manta da ta dama.

*7. MAGANI*

Gaskiyar da ya kamata kowa ya ji: ƙofar da ta riga ta manne, babu ƙwaya, babu saiwa, babu jiƙo da zai buɗe ta. Wanda ya ce maka yana da garin da ke wanke ƙofar zuciya, kuɗinka yake so. Amma wannan ba yana nufin ba abin yi ba. Mutane suna shekaru masu yawa da ita suna harkokinsu idan sun kiyaye.

*Maganin rage ruwa.* Irin su furosemaid, wanda aka fi sani da Lasix, da sifironolakton. Suna sa fitsari, kumburi ya sauka. Likita ne ke tsara adadin, domin in ya yi yawa jinin da ke isa ƙofar zai ƙara raguwa, jiri ya kama mutum, koda ta taɓu. Lokaci-lokaci a gwada gishirin jini.

*Rage gishiri.* Gishiri shi ke riƙe ruwa a jiki. A rage na miya, a rage dunƙule, a bar barbaɗa yaji mai gishiri a kan abinci. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a wannan fanni, don haka kunun kanwa da jiƙon kanwa ba na mai wannan ciwo ba ne, ko da jego take yi.

*Maganin tsinka jini.* Idan bugun zuciya ya rikice, jini yana iya dunƙulewa a ciki, gudan ya tafi huhu, ko ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki in daga hagu ya taso. Akan ba da wafarin, kuma mai shansa sai ya riƙa zuwa gwajin jini a kai a kai.

*Allurar penisilin ta wata-wata.* Bayaninta na nan tafe.

*Aiki.* Idan tsukewar ta tsananta, ko dai a zura siririyar roba ta jijiyar cinya mai balan-balan a bakinta a hura a buɗe ƙofar, in marafan ba su lalace da yawa ba, ko a yi tiyata a gyara ko a canja ta. Galibi ana haɗawa da aikin maitiral a yi lokaci guda. A wannan gurbi likitoci sun fi son ƙofar da aka yi da naman dabba a kan ta ƙarfe, saboda jini a dama a hankali yake tafiya, ta ƙarfe na saurin tara guda. Akwai ta saniya, akwai ta alade. Ka tambayi likita wacce za a sa, in akwai zaɓi ka zaɓa, in babu ka tuntuɓi malami kan hukuncin larura. Aikin nan kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma wuraren da ake yinsa a Najeriya kaɗan ne. Kwatanta wannan da kuɗin maganin maƙogwaro na kwana 10.

*8. MAGUNGUNANMU NA GIDA: WANNE YA DACE, WANNE BAI DACE BA?*

• *Zuma da ruwan ɗumi* suna sanyaya maƙogwaro, suna rage tari, a ba yaro in ya haura shekara ɗaya. Amma sauƙin da ya ji ba shi ne shaidar ƙwayar sitiref ta mutu ba. A ba shi zuma, a kuma kai shi a duba.
• *Cire beli wajen wanzami* ba ya maganin wannan ciwon maƙogwaro. Ƙwayar tana nan, an ƙara wa yaro rauni da zubar jini.
• *Tsaga ko sakiya a ƙafar da ta kumbura.* Ruwan zai zuba ya sake taruwa, ciwon kuma ya ƙi warkewa saboda fatar ba ta samun jini sosai.
• *Ƙaho* ga mai shan wafarin hatsari ne, jini yana iya ƙin tsayawa. Sai da izinin likita.
• *Tafarnuwa, citta, habbatus sauda da hulba:* ɗan abin da ke cikin girki ba laifi. Shansu da yawa a matsayin magani tare da wafarin ko maganin zuciya, a faɗa wa likita tukuna. Zogale da alayyafo a ci, amma kada yau a cika kwano gobe a daina, domin suna canja ƙarfin wafarin.
• *Jiƙon wankin ciki* mai sa gudawa don a zubar da ruwa: yana zubar da gishirin da zuciya ke bugawa da shi, tare da Lasix yana iya kayar da mutum.
• *Ƙwayoyin ciwon jiki* irin su dikilofenak da ibufurofen, da haɗin da ake ƙullawa a leda a sayar wa manoma da yamma: suna riƙe ruwa, suna taɓa koda. Farasitamol ya fi aminci.
• *Asuwaki* da wanke baki kullum. Ƙwayoyin cutar dasashi suna shiga jini su sauka kan ƙofar da ke da tabo. In za a cire haƙori, a gaya wa likitan haƙori akwai ciwon ƙofar zuciya.
• Yarinyar da jikinta ke fizga, a yi mata addu'a, kuma a ranar a kai ta asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya, neman magani ba ya warware tawakkali.

*9. RIGAKAFI: ABIN DA KE HANNUNMU*

*Mataki na farko.* Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti, kada a tsaya a maganin maleriya kawai. A ce wa ma'aikacin lafiya ya leƙa maƙogwaron. Idan ya ga alamar sitiref ce, zai ba da penisilin ko amoksilin na kwana 10, ko allurar benzatin guda ɗaya. Kwana 10 ɗin nan a cika su cif. Abin da muke yi na a sayo ƙwaya huɗu a kemis, yaro ya ji sauƙi a daina, shi ne ke barin baya da ƙura. Yaron da penisilin ke yi wa illa, a faɗa, akwai madadinsa.

*Mataki na biyu.* Wanda ya riga ya yi zazzaɓin rumatik, ko eko ya nuna tabo, zai riƙa karɓar allurar benzatin duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru. Ga mai tabo a ƙofa, akan kai shekara 10 ko har ya cika 40, wanda ya fi tsawo, wani ma har abada. Allurar tana da zafi, gaskiya ne. Amma a ƙasar Uganda an bi yara masu ƙaramin tabo na shekara 2, aka buga sakamakon a 2021: cikin waɗanda ba a yi wa allurar ba, kusan 8 cikin 100 ciwonsu ya ci gaba, cikin waɗanda aka yi wa kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. A yi ta a asibiti ba a gida ba, a ci abinci a sha ruwa kafin a je, a ɗan zauna bayan an yi. Wanda zuciyarsa ta riga ta yi rauni sosai, likita yana iya mayar da shi kan ƙwaya maimakon allura. Ka samu ɗan kati ka riƙa rubuta ranar, ko ka ɗaura ta da ranar kasuwa don kada a manta.

*Mataki na uku.* A rage cunkoson ɗakin kwana gwargwadon hali, a bar kafar shan iska ko da hunturu, a yi maganin ƙazuwa ga duk 'yan ɗakin lokaci ɗaya, a wanke hannu da sabulu. Malaman tsangaya da na Islamiyya, ku ne iyayen yaran da ke hannunku, yaron da ya kasa haɗiye abinci ko gwiwarsa ta kumbura, a sa a kai shi.

*10. TAMBAYOYIN DA AKA FI YI*

*Mai wannan ciwo za ta iya aure ta haihu?* Za ta iya aure. Amma ciki yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, ƙofar da ta tsuke kuma ba ta ƙara faɗi. A ga likitan zuciya kafin a ɗauki cikin, a yi awo da wuri, a haihu a babban asibiti. Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, don haka da zarar wata ya wuce a sanar da likita, kada ta daina da kanta. Maigida, wannan nauyin a kanka yake, kada a bar ta da surutun dangi kan tazarar haihuwa.

*Azumi fa?* Wanda ciwonsa ya lafa, likita yana iya gyara masa lokutan magani. Wanda ke kumbure ko ake ƙara masa maganin fitsari, ya nemi shawarar likita kafin watan ya kama, mara lafiya yana da rangwame.

*Zai iya noma?* Aikin da ba ya sa shi haki ko jiri, ya yi. Ɗaukar buhu, huɗa da yini a rana a bar wa wasu. In ya zauna ya ɗaga ƙafafu.

*Ana ɗaukarsa? Gado ne?* Ciwon maƙogwaron ake ɗauka, ba na zuciyar ba. Amma in an samu mutum ɗaya a gida, a duba ƙannensa, ɗaki ɗaya suka kwana.

*A garzaya asibiti ba jira idan:* nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko fitsari ya ragu sosai, ko zazzaɓi ya haura mako, ko mutum ya suma, ko baki ya karkace, ko jini ya ƙi tsayawa.

Ɗan'uwa, in akwai mai kumburin ƙafa da ciki a gidanku da aka daɗe ana juyawa, a nema masa eko. In akwai yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi yau, kada a kwana biyu ba a duba shi ba. A tura wannan darasi zuwa zaurukan iyaye mata, na manoma da na malaman makarantu.

Darasi na gaba, in sha Allah, a kan tsargiya ne: yadda ake ɗaukarta a kanal da yadda manomi zai kare kansa ba tare da ya bar gonarsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Amin.